Na Huɗu Daga Baya

Ran da muka kwashe ɗakin Baffa Nomau a Ƙofar Marke,
ƙarƙashin buzun salla da tsofaffin takardun haraji,
muka iske gwangwanin alewa ya yi tsatsa.
Hotuna uku a ciki. Gara ta ci gefensu,
ta bar tsakiya, kamar ta ji nauyin mutanen.

Na farko dutse ne, da hanya siririya
ta naɗe shi kamar zare a jikin mazari.
Maza sun jeru a kai, sun fi talatin,
diga a kafaɗa, ƙwarya a ka,
wani jaki ya toge a kan kwana, ana jan sa.
Ba wanda ya dubi mai hoto.
Ƙeya bayan ƙeya, duk sun ba mu baya,
sun nufi inda aka ce ƙasa na aman zinariya.
A bayan takardar, ajami ya koɗe, saura kalma biyu:
shekarar fara.

Inna Ige, da yana ta fara rufe wa ido,
ta kai shi bakin zaure inda haske yake,
ta bi layin da farce, tana ƙirga a hankali.
"Na huɗu daga baya, mai ɗan doro,
shi na Arzika, ubana. Awa yanzu ya hita."

Kafin la'asar zance ya zaga unguwa.
Jabbi baduku ya zo da warin jima a hannunsa,
ya ce kakansa ne, a dubi karkatar kafaɗa.
Tumba mai fura ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa,
ta rantse kawunta ne, ta san facin rigar.
Gida uku, baya ɗaya.
Ban raba gardamar ba.
Wa ya isa ya hana mutum ƙeyar da ya zaɓa?

Na biyu rafi ne a gindin dutsen.
Masu wankin ƙasa sun fito dishi-dishi,
hannuwa sun narke, fuskoki sun zama hayaƙi,
don ba su tsaya ba ko na ƙiftawar ido.
Mutum ɗaya ya fito tas, har maɓallin rigarsa:
mai sikeli,
shi kaɗai ke zaune.

Na uku hanyar nan ce dai, ba kowa a kanta.
Ciyawa ta fara ɗinke ta daga gefe.
Tarin duwatsu bakwai a jere, kowanne tsawon mutum.
Wannan ba wanda ya yi gardama a kansa.
Jabbi ya cire hula, ya mayar.
Tumba ta ce furarta za ta yi tsami.

Na tambayi Inna me Arzika ya kawo gida.
Ta ce gari rawaya cikin bututun gashin jimina,
bai kai cikin cokali ba.
Ya sayi ƙofar kwano da buhun gero biyu,
sai tari, wanda bai saya ba,
wanda ya zauna da shi damina uku
kafin su tafi tare.
Ƙofar na nan. Ita ce ke kuka in an tura.

Bara ɗan yayata Kwaire ya hau bayan babur,
da shebur da fitilar goshi, ya bi irin wannan kira.
Jiya hotonsa ya shigo waya:
laka har wuya, haƙora fari, yatsa biyu sama,
rami baƙi a bayansa kamar bakin randa.
Na kai wa Inna kusa da hanci.
Ta daɗe tana dubawa.
"Ku wanke mini shi ga takarda," ta ce,
"ku sa cikin gwangwanin.
Wanga ko ya waiwayo."